Kofin da Ke Dawowa Cike

Maganar ta fito ne daga ɗakin wanke-wanke na bayan majami'a, inda matan zumunta ke wanke ƙananan kofunan Jibin Ubangiji. Cewa aka yi kofin Fasto cike yake dawowa. Yakan ɗaga shi gaban jama'a, ya kai baki, ya ajiye, ya ja farin ƙyalle ya rufe, amma in an zo kwashewa sai a tarar ko ɗigo bai ragu ba. Kafin maganar ta kai bakin titi har ta yi 'ya'ya da jikoki. A ikilisiyarmu kowa ya san wanda ba ya shan kofin, wato mai zunubin da bai tuba ba. To, wane irin zunubi fasto zai ɓoye? Aka duba gabas aka duba yamma, aka samo masa mace: wata ma'aikaciyar jinya da mijinta ya rasu, tana zaune a layin bayan kasuwa, inda aka ce ana ganinsa duk Talata.

Faston nan mijin 'yata ne, autata.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma ba abin da ya fi ɓata mini rai kamar ɗalibi ya rubuta sakamakon gwajin da bai yi ba. Da aka fara ce mini ruwa ba ya tsami banza, sai na ce haka ne, amma ban taɓa ganin mai faɗar wannan karin magana ya tsaya ya leƙa cikin tulun ba.

Ran Asabar Auta ta zo gidana, ko mayafinta ba ta cire ba ta ajiye mini wani gwangwanin madara a kan tebur. Na buɗe. Gutsattsarin burodi ne busassu, ƙanana kamar farce, guda bakwai.

"A aljihun kwat ɗinsa nake samu in zan kai wanki," in ji ta. "Kowane wata ɗaya. Ko gurasar ma ba ya ci, Mama. Tun ban gane ba nake tarawa."

"Kin tambaye shi?"

"Tambaya ta nawa? Sai ya ce in yi masa addu'a. Na ce addu'ar me, in ce wa Allah me? Ya juya mini baya. Shekara goma sha ɗaya muna tare, yau ni ce ake kallo a bencin gaba kamar wadda aka yi wa rasuwa ba a faɗa mata ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Na kira Yaya. Ran Juma'a da safe zai zo da mota. Zan tafi da yaran."

"Ki ba ni zuwa Juma'ar."

"Juma'ar dai na ce."

Na san 'yata. Ba ta da saurin fushi, amma in ta ɗaure kaya ba ta kwancewa. Halin ubanta ne. Kuma na san matar fasto in ta bar gida da yara, ba mai sake tambayar ko akwai wata mace, an gama shari'a ke nan.

Washegari Lahadin farko ce ta wata, ranar Jibi. Da aka tashi sujada na naɗe hannun riga na shiga ɗakin wanke-wanke. Wata da muke kira matar direba, wadda ita ce shugabar masu wankin, ta dube ni ta riƙe baki.

"Malama, yau ke ce da soso? Ashe tashin duniya ya matso."

"Na zo in ga ko kun iya ne. Ana cewa kuna barin maiƙo."

"Maiƙo a ruwan inabi? Ki dai faɗi abin da ya kawo ki."

Ban faɗa ba, ita ma ba ta bukata. Ta ɗauko ƙaramin farantin da ake ajiye wa Fasto shi kaɗai, ta yaye ƙyallen, ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba. Na ɗaga kofin wajen hasken taga. Cike yake har inda aka saba cikawa. A gefensa akwai alamar leɓe, wato ya kai baki ya rufe bakin. Na so in sami wani bayani, in ce ko ciwon sukari ne, ko wani magani yake sha. Amma ruwan bai wuce cokali biyu ba, ga kuma gurasar a gwangwani. Rabin farko na jita-jitar gaskiya ne.

Ran Talata da hantsi na je layin bayan kasuwa. Na sami benci a rumfar mai gyaran takalmi, na cire takalmina na ba shi, na ce kada ya yi sauri. Layin matsattse ne, kwata a tsakiya, shaguna gefe da gefe, a sama kuma ɗakunan haya da shanya a baranda. Ɗakin ma'aikaciyar jinyar yana saman wani shagon fenti, matakalarsa ta waje ce, duk mai hawa sai an gan shi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya shigo layin, a ƙafa, yana tafe kamar mai ɗauke da tulu a ka. Ya wuce matakalar, ko waiwayarta bai yi ba. Ya tsaya jikin wani turken lantarki, ya zuba wa wani shago na tsallake ido. Na duba agogona. Minti goma sha huɗu ya yi a tsaye. Sau biyu ya sa ƙafa zai tsallaka kwatar, sau biyu ya janye. Daga nan ya juya ya koma ta inda ya fito.

"Kullum haka yake yi," in ji mai takalmi, allura a bakinsa. "Mu nan mai gadin turke muke ce masa."

Shagon da yake kallo na tela ne. Na san telan, ko in ce na san ƙeyarsa da gefen fuskarsa. Ɗan ikilisiyarmu ne, dogo, mai furfura a gemu, kullum a bencin ƙarshe yake zama, dab da ƙofa. Da an ce in faɗi dalili sai in ce iska yake so.

Na shiga da sallama. Shagon bai fi faɗin gado biyu ba, keken ɗinki na ƙafa, dutsen guga, yadi a rataye har silin. Ya miƙe da sauri ya kakkaɓe mini kujera.

"Malama da kanki? Da kin aiko ai da na zo."

Na ce aljihun jakata ne ya yage. Ya karɓa ya juya ta, ya ce wannan ba yagewa ba ce, tsufa ne, amma zai yi mata dabara. Yana taka keken muna hira, har na kawo zancen bencin.

"Kai ba ka gajiya da zaman baya? Ko wa'azin ba ya kai maka sosai."

Ƙafarsa ta tsaya a kan keken. "Ai wurina ke nan, Malama. Ina cikin horo."

A wurinmu in mutum ya yi laifin da ya fito fili, majalisar dattawa kan yanke masa lokaci. A karanta sunansa gaban jama'a, ya koma bencin baya, ba Jibi, ba waƙa cikin ƙungiya, ba magana a taro, sai ranar da aka sake karanta sunan aka ce ya dawo. Na tuna kamar a mafarki: an taɓa karanta sunan wani da ya mari mijin ƙanwarsa a ƙofar majami'a har haƙori ya fita.

"Wannan ai ta daɗe," na ce. "Wata nawa aka ba ka?"

"Shida."

"Yaushe?"

"Shekarar da Fasto ya zo. Da bakinsa ya karanta." Ya ɗan yi lissafi da yatsa a kan yadin. "Bakwai ke nan da 'yan watanni."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na sa ya maimaita, ya maimaita.

"Ba ka tambaya ba?"

"Haba Malama, kin fi ni sanin doka. Mai horo ba ya tambaya. Ranar da aka yanke mini, Dattijo, shugaban majalisa, ya ce wanda ya zo yana ƙirga kwanaki bai tuba ba tukuna, a jira kira. Na ce to. Da wata shidan ya wuce na ce akwai abin da suka gani a jikina da ni ban gani ba. Kuma akwai, ina da zafin zuciya, ba zan ɓoye miki ba. Na yi ta aiki a kanta." Ya cije zare. "Uwar 'ya'yana ce dai ta so ta ga ranar. Ita ta ɗinka mini farar rigar da zan sa, da hannunta, ni tela ina zaune. A shekara ta huɗu ta rasu. Ranar jana'iza 'yan ƙungiyarmu ta mawaƙa suka yi mata waƙar da take so, ni na tsaya daga baya ina motsa baki."

Ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa.

"Sau ɗaya na yi kuskure. Wata takwas da suka wuce Fasto ya kawo ɗinkin kwat. Ina auna wuyansa, ga mu kusa da kusa, sai bakina ya kuɓuce. Na ce, Fasto, wata shidan nan, saura nawa? Na ga fuskarsa ta canza, ya fita ko awon hannu ban gama ba. Tun ran nan bai sake shigowa ba, sai dai ya tsaya can ya dube ni. Ina jin tambayar ce ta mai da ni farko." Ya miƙo mini jakar. "In da hali, ki ce masa na janye ta. Ba gaggawa nake yi ba."

Shekara bakwai ina zaune a layi na uku, ni mai taƙamar ba na karɓar magana sai na gwada. Na wuce mutumin nan a ƙofa sau ɗari uku da wani abu, ina amsa gaisuwarsa.

Ran Laraba na je wurin Dattijo, shugaban majalisa, a kantinsa na sayar da magunguna. Tare muka yi makaranta, kuma ya san na san irin makin da yake ci a lissafi, saboda haka ba ya yi mini muryar mumbari. Ya sallami masu saye biyu, ya janyo ni bayan kanta inda kwalaye suke.

"Me tela ya ƙara yi bayan marin?" na tambaye shi.

"Wa ya kai ki wurin tela?"

"Ƙafata."

Ya cire tabarau ya goge. "Malama, maganar majalisa ba ta fita. Abin da zan iya gaya miki, mun duba littafin taro, babu sunansa. Sakataren wancan lokacin ya yi ƙaura, wasu shafuka ba a cike su ba. Abin da ba a rubuta an ɗaure ba, ta yaya za a rubuta an kwance? Na ba da shawara, mutumin nan ya matso gaba a hankali, benci ɗaya yau, benci ɗaya gobe, wata rana ya miƙa hannu ya ɗauki kofi. Ba wanda zai hana shi."

"Ka gaya masa haka?"

"Ba aikina ba ne."

"Da ƙarfi aka karanta sunansa, gaban mutum ɗari uku. Yanzu ya dawo da sanɗa kamar ɓarawon kaza?"

"In aka tsaya aka karanta, sai an faɗi dalilin shekara bakwai. In aka faɗa, gobe ta kai ofishin gunduma. Wa zai sake jin tsoron horo a ikilisiyar nan? Ana rufa wa shugabanci asiri ne don tumaki, ba don makiyayi ba."

"Ka san abin da ake faɗa a kan surukina?"

"Na ji."

"Ka san ƙarya ne."

"Babba juji ne, Malama. Ya haƙura, za ta wuce."

"Jujin nan 'yata ake zubawa a ciki. Jibi za ta bar gidan."

Ya mai da tabaransa, ya ce zai sa su cikin addu'a. Wata mata ta leƙo tana neman maganin tari, ya tafi wurinta da saurin da ban san yana da shi ba.

Ran Alhamis na sami Fasto a ofishinsa. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta suruka da mijin 'ya, ban taɓa shiga ofishin nan ni kaɗai ba. Ya tashi har kujera na faɗuwa.

"Mama, lafiya? Da kin kira ni."

"Zauna."

A bangon bayansa akwai babbar takarda cikin gilashi, wadda ya kawo daga wani kwas na shugabanni: ginshiƙan hidimarmu, gaskiya, riƙon amana, tawali'u, kula da kowane rai, da wasu biyu da hasken taga ya hana ni karantawa. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Na je wurin tela," na ce. "Ya ce in gaya maka ya janye tambayarsa. Ba gaggawa yake yi ba."

Ya kifa fuska a tafin hannunsa. Na bar shi sai da ya ɗago.

"Me ya yi da aka ƙara masa shekara shida da rabi?"

"Bai yi komai ba, Mama."

"To me ya faru?"

"Na yi alkawari gaban Allah ranar da aka naɗa ni, maganar majalisa ba za ta fita ta bakina ba, ko ga matata. Na kai musu zancen, aka kaɗa ƙuri'a, shida da ɗaya, ni ne ɗayan. In na tsallake su na raba ikilisiya. Ni nake koya wa matasa cewa shugaba yana ƙarƙashin tsari."

"Sai ka yi me?"

"Na ce ba zan ci ba, ba zan sha ba, sai ranar da tela ya ci. Na sa kaina a horo."

"Wa ya karanta sunanka?"

Ban jira amsarsa ba.

"Shi an karanta nasa, ya tashi gaban matarsa da 'ya'yansa ya taka zuwa baya. Kai ka yanke wa kanka hukunci a ƙarƙashin ƙyalle, kana tsaye a gaba da kwat, kana ɗaga kofi kana yi wa mutane wasan sha. Wata takwas. Tela ya matso ko taku ɗaya? Shi bai ma san kana yi ba. Wadda ta sani ita ce mai tsintar burodi a aljihunka. Alkawarin nan da kake riƙo, an yi shi ne don kada a tona asirin masu rauni da suka kawo kukansu. Asirin wa yake rufewa yanzu?"

"Duk Talata nakan je in gaya masa." Ya dube ni. "Mama, mutumin nan ya gaskata akwai dalili. Da wannan dalilin ya binne matarsa. Ya gyara halinsa saboda shi. In na tsallaka kwatar nan, zan karɓe masa shi, in ba shi me? In ya fita daga bangaskiya a kan bakina fa?"

Na ce masa tela da majalisa da gunduma duk suna iya jira har Lahadi. Motar yayan Auta gobe da safe za ta zo.

"Ta gaya maka?" na tambaye shi.

"Na ga akwatuna."

"Ka ce mata me?"

"Na ce ta yi mini addu'a."

Na tashi. A bakin ƙofa ya ce, "Mama, ke ki gaya mata mana. Ke ba ki yi alkawari ba."

Na yi tunanin haka tun a shagon tela. Amma na san abin da Auta za ta ce: uwa ce, tana neman ɗinke aure, ta samo labari. Kuma ko ta yarda da ni, za ta zauna ne da mijin da ya iya gaya wa surukarsa abin da ya kasa gaya mata. Na ce masa a'a.

Ran Juma'a ƙarfe bakwai ina gidansu. Akwatuna uku a falo, da buhun takalman yara, da tukunyar da na ba ta ranar aure, an ɗaure murfinta da tsumma. Yaran suna ɗaki, an sa musu kayan fita, an ce musu hutu za su je. Auta tana zaune a hannun kujera da mayafi a kafaɗa. Ta dube ni, ta ga ban zo da komai a bakina ba, ta kau da kai.

Yana tsaye a ƙofar ɗakin karatunsa, da rigar jiya a jikinsa.

Bakwai da rabi muka ji mota ta tsaya, aka danna ham sau biyu. Babban ɗana ya leƙo, ya gaishe ni, ya ƙi kallon mai gidan, ya sunkuya ya ɗauki akwati biyu ya fita. Na ji ƙarar buɗe but ɗin motar. Na dubi surukina, leɓunansa suna motsi ba sauti. Ɗana ya dawo ya ɗauki na ukun da buhun.

Auta ta miƙe ta ɗauki tukunyar. Ta kai tsakiyar falo ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Baban yara," ta ce, "ko mace ce, ka faɗa. Ko ɗa ka yi a waje, ka faɗa. Wallahi in ka faɗa da bakinka yanzu, zan ce wa Yaya ya sauke kayan, in zauna mu san yadda za mu yi. Shirun ne ba zan ƙara kwana da shi ba."

Aka sake danna ham. Ƙaramar jikata ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko za a tafi da 'yar tsanarta, na ce ta koma ciki tukuna.

Ya saki ƙofar da yake riƙe da ita, ya tako zuwa inda take, ya tsaya a gabanta.

"Babu wata mace," ya ce. "Na ba tela horon wata shida, na manta da shi shekara bakwai. Har yau bai san mantuwa ce ba."